Taku Hamsin na Baba Irimiya

Duk wanda ya tashi a yankin Tagwai ya san Baba Irimiya, tsohon nan mai ƙirga taku yana motsa leɓe. Ba hauka ba ne. Shekara ashirin ya yi yana jan tef a bayan masu safiyo, tun ana ganin daji daga unguwar Tunga. Boko dai bai yi ba, sunansa ma da kyar yake zanawa, amma ka tambaye shi nisan coci daga gidansa, ba zai ce "nan kusa" ba, lamba zai ba ka.

Da matarsa Rose ta rasu, a gonarsu ya binne ta. Lokacin babu komai sai dawa da kaɗanya guda. Ya kife tasarta ta miya a wajen kai, ya rufe da ƙasa, ya auna: daga kaɗanya taku arba'in gabas, talatin arewa. Duk Kirsimeti haka yake zuwa, ya yi gabas, ya karya arewa, ya zauna yana ba ta labarin wanda ya yi aure da wanda ya yi tsiya.

Sai ciwon ƙafa ya kwantar da shi shekara huɗu. Kafin ya tashi gari ya cinye gonar. Wani ya ja katanga daidai kan hanyar gabas ɗin, filin da kabarin yake ciki kuma ranar Litinin za a fara haƙa tushen gini. Mai filin ya ce in akwai kabari a nuna masa, zai kewaye. Ciyawa ta shafe komai.

Asabar da sassafe ya sa 'ya'yansa, Yona da Lilian, suka kai shi gindin kaɗanyar.

"Baba, gabas ɗinka yanzu banɗakin mutane ne," in ji Lilian. "Ko haurawa za ka yi?"

"Ke dai riƙe min igiya."

Ya dubi inda rana ta ɓullo, ya durƙusa da kyar. Ya auna tafin hannu huɗu gabas a ƙasa, uku arewa, ya kafa tsinke. Ya ja igiya daga gindin bishiyar ta bi kan tsinken, ta wuce ta gefen katangar ko shafarta ba ta yi ba. Ya auna tsakanin da hannu, biyar cif.

"Ga hanya, ga nisa. Hamsin ne in ka miƙe. Da ma zagaye nake yi don na daɗe a hanya."

Ya bi igiyar yana ƙirgawa. A hamsin ya tsaya, Yona ya yi ta soka rodi a ƙasa. Babu tasa. Nan, can, babu. Tsoho ya sake ƙirgawa yana motsa leɓe.

Lilian, wadda bakinta ba ya da birki, ta ce, "Baba, wace ƙafa ka auna da ita a da? Wannan takun naka ai na kaza ne yanzu."

Ya harare ta, sannan ya dubi Yona, dogo kamar falwaya, yadda shi ma yake lokacin da Rose ta yarda ta aure shi.

"Kai, koma gindin bishiya. Ka yi tafiya kamar mai zuwa zance."

Yona ya taho yana buɗa ƙafa, ya wuce ubansa da nisa, ya tsaya a hamsin. Suka na uku rodi ya ce ƙwal.

Da suka tone, tasar ta yi tsatsa, amma furen jikinta na nan. Baba ya zauna a ƙasa ya goge ta da hularsa.

"Rose, na makara," ya ce. "Bari na fara miki da Lilian. Har yanzu ba ta da kunya."