Ragon sadaka da wayar cajin motata

Jama'a, rago ya hana ni hawa sabuwar motata!

Jiya aka kawo mini motar lantarkin nan unguwarmu Alabar, batirinta saura kaɗan. Kawu Issaka, ƙanen Hajiyarmu mai sayar da dabbobi, ya ce ba mai hawanta sai an yi sadaka. Ya kawo rago ya ɗaure a ƙarfen taga. Ni kuwa ta tagar nan na zuro wayar caji!

Yau da safe zan kai Hajiya ganin likita a Bantama. Ina fitowa, ei! Rago ya tauna wayar, ta rabu biyu. Yana tsaye yana kallona!

Na ce, "Kawu, ka ga aikin ragonka?"

Ya ce, "Alhamdulillahi da aka ɗauke wuta! Ai da mushe muka tarar."

Na kira dillalin motar, wai sabuwar waya sai an aiko daga Akra.

Hajiya ta ce, "Ni dai kar likita ya tashi."

Yanzu haka muna matse cikin motar haya ta trotro, makullin sabuwar mota na aljihuna. Kawu kuma ya kira, wai in biyo musu da yaji, sun fara gashi!