Minti Takwas na Derek Staniforth

Allah ne ya ba da aron rai, shi ne kuma yake karɓar abinsa a ranar da ya so. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Derek Staniforth ya rasu a asibiti a nan Sheffield, yana da shekara saba'in da bakwai, bayan jinyar huhu ta wata huɗu. Ya bar matarsa Glenys, da 'yarsu Lorraine, da jikoki biyu. Ya kuma bar ni, Zubairu, wanda ya shekara kusan hamsin yana gardama da shi a kan abu guda, wanda kuma bai je duba shi a asibiti ba.

Derek, da Hausa nake rubuta maka wannan, harshen da ba ka san komai a cikinsa ba sai "sannu" da wani zagi ɗaya da ka matsa mini na koya maka. Da Turanci na ƙware wajen ɓoye abin da ke raina, a wurinku na koya. Da Hausa har yau ban iya ba.

A 1974 muka haɗu. Na zo ƙasar nan karatun injiniya, na yi shekara biyu ba wanda ya sha gabana a aji, sai waɗanda suka turo ni suka manta da ni. Na rubuta wasiƙu har na gaji. Waɗanda nake koya wa lissafi sun koma gida sun zama manya, wasu har da tituna masu sunansu, ni kuwa na zama kwandasta a bas mai hawa biyu. Mako uku ina shan shayi ni kaɗai a ɗakin cin abinci na ma'aikata, ba mai zagina, ba kuma mai kallona. Rannan na shigo da sabon faifai a cikin jakar takarda. Ka taso daga teburin direbobi, ka zaro shi ba tare da ka nemi izini ba, ka duba.

Ka ce, "The Tollgates? Allah sarki. Ga baƙunta, ga ciwon kunne."

Na tambaye ka kai wa kake saurare.

Ka ce, "The Cinder Men mana, Farfesa. Kiɗan maza. Matsa in zauna, gyaranka zai ɗauki lokaci."

Daga ranar sunana Farfesa, kai kuma na sa maka Kurma. Sai da na daɗe kafin na gane cewa mutanen garin nan ba su da wata hanyar cewa suna son mutum sai su ja kujera su kushe abin da yake so.

Ga wanda bai san su ba, 'yan Tollgate su huɗu ne, daga bakin teku suka fito. Waƙarsu ba ta wuce minti uku, muryoyinsu na hawa kan juna kamar an auna da ma'auni, ba ka jin sauti ɗaya da ya zo a banza. Shekara bakwai suka yi suka watse, tun duniya na yayinsu. 'Yan Cinder su biyar ne, 'ya'yan maƙeran masana'anta. Mawaƙinsu murya gare shi kamar ana jan tsohuwar ƙofar ƙarfe, mai gangarsu kuma duka yake yi kamar an yi masa laifi. Ba su taɓa watsewa ba. Sun tsufa a kan dandamali, furfura da tumbi da komai.

Ni na ce nawa sun fi, domin sun san aikinsu, sun kuma san lokacin da ya kamata su yi shiru. Kai ka ce nawa kiɗan gidan surukai ne, wanda ake sawa don kada a ɓata wa kowa rai. Na ce naka kamar ana jefo tukwane daga bene. Ka ce ai a gidan da ake girki ne ake jin ƙarar tukwane. Mun yi wannan a bas, mun yi a kulob ɗin ma'aikata kowace Lahadi da rana, kai da kofin giyarka ni da lemona, har mutane suka daina zama kusa da mu. A ranar auren Lorraine ma sai da Glenys ta raba mu.

Kana da waƙa ɗaya da ka fi so, wadda sunanta ke nufin an tashi daga aiki. Minti takwas ce. Duk ranar da ka sa ta a na'urar faifai ta kulob, da ta kai rabi sai in miƙe in fita shan iska. Kullum sai ka bi ni da murya: "Zauna ka ji ƙarshenta, Farfesa. Duk maganar tana ƙarshe." Ni kuma in ce wanda ya ɓata minti bakwai bai cancanci na takwas ba.

Shekara goma sha ɗaya kana tuƙi ina yankar tikiti, kafin a cire kwandastoci ni ma in koyi tuƙin, kuma kai ka koya mini a filin bayan gareji. Ban manta ranar da wani fasinja ya tofa mini yawu a riga ba, muna tsakiyar hawan tudun Walkley. Na goge na wuce, don na riga na saba. Kai ka hango ta madubi. Ka ja birki, ka kashe mota, ka zagayo ka tsaya a bakin ƙofa, ka ce motar nan ta lalace, kuma ba za ta gyaru ba sai mutumin can mai hular ruwan toka ya sauka. Ana ruwa. Mutum arba'in suka juya suna kallonsa har ya sauka. Da muka isa gareji na fara yi maka godiya, ka katse ni, ka ce, "Wannan irin fuskar masu sauraron Tollgates ce, shi ya sa."

Azumin farko da muka yi tare ka ji an ce da dabino muke buɗe baki, ka je kasuwa ka sayo busassun 'ya'yan itacen da tsofaffi ke ci don cikinsu ya saki. Na cinye don kada ka ji kunya, na kuma sha wahala kwana biyu. Da matata ta kwashe kayanta ta koma Leeds, ba ka tambaye ni dalili ba. Sai dai kowace Asabar ka riƙa zuwa da sassafe kana cewa lambunka na neman mai haƙa, alhali na ga an riga an haƙe shi.

Akwai kuma fiton nan naka. Duk lokacin da ka kashe injin a ƙarshen aiki, sai ka yi wani ɗan fito da baki, gajere, mai sauka a hankali. Wata rana na ce maka, "Kurma, wannan fiton naka ya fi duk abin da 'yan Cinder suka yi a rayuwarsu." Ka yi dariya har ka kifa kai a kan sitiyari, ka ƙi gaya mini abin dariyar. Na ɗauka daɗin yabo ne.

Yanzu sai in faɗi abin da ya raba mu, tunda ta'aziyyar da aka cire laifin mai rubutu daga cikinta rabin gaskiya ce. Shekara uku da suka wuce, a kulob, muna gardamarmu ta kullum, ka ce, "Kowa zai iya yin kyau na shekara bakwai, Farfesa. A nuna mini wanda zai tashi ya tafi aiki shekara arba'in." Na san makaɗa kake nufi. Amma ni na ji kamar da ni kake, ni da shekaruna biyu na ɗaukaka da nake ta ba da labarinsu. Sai na ce 'yan Cinder kiɗan mutanen da aka haifa a layi ɗaya ne, za su mutu a layin, ba su taɓa buɗe littafi ba.

Ni kaɗai a wurin na san karatu yana ba ka wuya. Ni nake cika maka takardun aiki a ɓoye tun 1975, ba ka taɓa roƙona in rufa maka asiri ba, domin ba ka taɓa zaton sai an roƙa ba. Ka ajiye kofinka, ka ce, "To, Farfesa." Ka ɗauki hularka.

Ban koma kulob ba. Na gaya wa kaina kai ka fara. Kowace Kirsimeti katinka na zuwa, da rubutun hannunka, harafi ɗaya-ɗaya, na san zaman da ka yi kafin ka gama shi. Da Glenys ta aiko cewa kana asibiti na ce sai mako mai zuwa. Sau uku ina sa riga ina cirewa. Ilimin da nake taƙama da shi bai koya mini yadda ake shiga ɗaki a ce an yi kuskure ba.

Kwana huɗu da rasuwarka Glenys ta kira ni gidanku. Na tarar da ita da Lorraine da mai shirya jana'iza, wani mutum mai laushin murya da takarda a hannu. Ba ka bar wasiyya a kan waƙar da za a sa a gidan ƙona gawa idan labule zai rufe akwatinka ba. Lorraine ta riga ta zaɓi wata ta 'yan Tollgate, mai sanyi, wadda ake sawa a kusan kowace jana'iza a garin nan.

Glenys ta ce, "Zauna, Zubairu. Ban kira ka don faɗa ba, wannan sai wani lokaci. Kai za ka raba mana."

Lorraine ta ce, "Kawu, ai naka ne ma. Mutane za su zo, ba na so a firgita su."

Ka ga abin da aka miƙo mini, Derek. Shekara hamsin, ga shi an ce in sa nawa a kan gawarka, kai kuma ba ka da bakin ramawa. Ba zan yi maka ƙarya ba, sai da raina ya ɗan motsa.

Na ce, "Idan aka sa masa wannan zai buɗe akwatin ya fito. A sa masa ta tashi daga aiki."

Lorraine ta ce, "Kai da kake cewa tukwane ne ake jefowa daga bene?"

"Har gobe haka zan ce. Amma tukwanen ubanki ne."

Mai shirya jana'izar ya gyara murya. Ya ce a gidan ƙona gawa rabin awa ake ba kowane iyali, har da shiga da fita, wasu na jira a ƙofa. Minti takwas ba za ta shiga ba. Abin da suka saba shi ne a sa minti biyu ko uku, labule na rufewa a rage sauti.

Na ce, "Minti nawa aka ba ni in yi magana?"

Ya duba takarda ya ce biyar.

Na ce, "A ba Derek su. A bar ta har ƙarshe, kada wanda ya taɓa ta."

Glenys ta dube ni ta ce, "Kai ne za ka yi shiru, Zubairu? Lallai an yi rashi."

Ranar Alhamis, 30 ga wata, muka kai ka. Tsofaffin direbobi sun zo da yawa, wasu da sanduna. Labule ya fara rufewa, gangar ta faɗo mana a ka. Wata tsohuwa a bayana ta toshe kunne. Minti huɗu, inda na saba tashi, ƙafafuna suka nemi ƙofa da kansu, na riƙe kujerar gabana. Minti shida, mawaƙin yana ta kururuwa, ni kuma ina cewa a raina, Kurma, har yanzu ban ji komai ba.

Sai komai ya tsaya. A cikin waƙar aka busa jiniyar masana'anta. Aka ji takun takalma masu nauyi suna fita, suna nisa. Sannan mutum ɗaya, shi kaɗai, ya yi fito, gajere, mai sauka a hankali.

Fitonka ne. Wanda na ce ya fi duk abin da suka yi a rayuwarsu.

A waje, wurin da ake jera furanni, Glenys ta kama hannuna. Ta ce, "Sau nawa na ce masa ya gaya maka. Ya ce a'a, wata rana Farfesa zai zauna har ƙarshe, ina so in ga fuskarsa."

Ba ka gani ba. Ni na hana ka, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa wannan. Na saba ɗora komai a kan waɗanda suka manta da ni da ƙasar da ba ta karɓe ni ba, amma kai ka karɓe ni tun makona na uku a gareji.

Game da gardamarmu, ga inda na tsaya. Har yanzu ina ganin 'yan Tollgate sun fi iya kiɗa, kuma da kana nan da na kawo maka hujja. Amma na shekara hamsin ina yanke hukunci a kan waƙar da ban taɓa ji har ƙarshe ba, haka kuma na yi wa mai ita. Wannan rubutu shi ne minti biyar ɗin da ban yi magana ba. Ka yafe mini maganar littafi.

Malamai suna da bayaninsu a kan wanda ake roƙa wa gafara, na karanta, ba kuma zan yi jayayya da su ba. Ni dai na miƙa ka ga Ubangijin da ya halicce ka, wanda ya ga ranar tudun Walkley, wanda rahamarsa ta fi sanina faɗi. Ya saka maka da alherin da ka yi wa baƙo. Glenys, Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin zama a gidan da ya yi shiru. Faɗan da kika ajiye mini ina nan zuwa in karɓa. Lorraine, ke da yaranki, Allah ya raya ku a kan halin mahaifinki. Tsofaffin abokan aiki na gareji, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau, ya kuma ba mu haƙurin zama har ƙarshe.

Zubairu Maiwada
Sheffield