Hinnerk da Teburin Zauren Taba

Hinnerk Tietjen ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgin ƙasan cikin gari a Bremen, kuma an shaide shi ba ya kaɗa wa kowa ƙararrawa sai ta kama dole. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, mai tsadar magana. Matarsa Almut ce ke yi musu surutun su biyu. Da ta rasu sai gidan ya yi tsit, har yakan kunna rediyo don kawai ya ji muryar mutum. 'Yarsu tana Kanada, sai dai gaisuwa ta waya. Abin da ya rage masa a duniya shi ne kujerarsa a Zauren Harms, kuma ni Gesche mai ɗinkin labule na fi kowa sanin haka, don kujerata ce ke hagunsa.

Zauren ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ne a bayan shagon taba na Uwe Harms, inda ake zama a sha tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganyenta, wadda ba a shanta a tsaye ko cikin sauri. Hayaƙi ya rina bangon ya koma launin shayi. Fitilun ba su da ƙarfi, ba kiɗa, ba talabijin. A tsakiya tebur ne guda ɗaya tak, dogo, na katako mai nauyi, kuma kowa a kansa yake zama: likita, mai gyaran famfo, ni, da Folkert tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa wanda bakinsa ba ya mutuwa. In ka shigo ba ka bin mutane da musafaha. Ƙwanƙwasa teburin za ka yi da bayan yatsu, ka gaida kowa ke nan, su ma su ƙwanƙwasa maka. Haka in za ka tafi. Shi ya sa Uwe bai taɓa yarda da ƙananan tebura ba. Yakan ce, to wa za ka ƙwanƙwasa wa?

Al'adar nan kamar don Hinnerk aka yi ta. Ya ƙwanƙwasa, ya zauna, ya kunna tabarsa, ya wuni cikin mutane ba wanda ya nemi ya buɗe baki. Sai Folkert, wanda in bai tsokane shi ba abinci ba ya faɗa masa.

"Kai direba, yau ma azumin magana ake yi?"

"Ai ka cinye rabona."

"Ku ji shi! Mutum sai ka ce gunkin bakin kasuwa. Gesche, taɓa shi mu gani ko yana numfashi."

Da Uwe ya rasu, ɗansa Malte ya gaji shagon. Hinnerk ne ya riƙe yaron nan a coci ranar da aka yi masa baftisma, shi ya koya masa keke a bakin kogi, kuma har ya yi gemu Kawu yake kiransa. Wata rana da bazara Malte ya shigo ya ce injin zuƙe hayaƙi ya tsufa, dole a rufe zauren a yi gyara. Amma ba zai taɓa ko ƙusa ba sai ya ji abin da muke so.

Ranar an sha musu. Likita na son kujerun fata masu dogon baya saboda wuyansa. Mai gyaran famfo ya ce a ƙara haske kaɗan, ya gaji da laluben ashana. Wani ya ambaci ɗan kiɗa a hankali, aka taso masa kamar ya zagi iyayenmu. Ni na ce a bar min labulena. Malte yana ta gyaɗa kai. Folkert ne kaɗai bai saki jiki ba.

"Yaron nan ya je Hamburg ya ga wuraren 'yan kwat da laktaye, idonsa ya buɗe. Ni dai teburin nan a kai shi garejina har a gama. In babu rami me ya kawo zancen rami?"

Malte ya ɗora tafin hannunsa a kan katakon. "Haba Baba Folkert. Teburin mahaifina ne fa. Goge shi kawai kafinta zai yi. Kawu, faɗa musu mana."

Sai Hinnerk ya ajiye tabarsa ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. "Ni na riƙe shi a coci. In ya ce tebur zai dawo, zai dawo. Na tsaya masa. Wanda bai yarda da shi ba, da ni ne bai yarda ba."

Wa zai ja da wannan? Folkert ya haɗiye sauran zancensa. Ranar da motar kafinta ta zo, Hinnerk da kansa ya kama gefe ɗaya na teburin, da ciwon bayansa da komai, ya taya aka loda shi.

Da kaka aka buɗe. Mun je tare da yamma, likita har da sabuwar riga. Tun daga ƙofa na ga ba zauren da muka sani ba ne. Gilashi ko'ina, farin haske kamar ɗakin tiyata, wani kiɗa na ɗiga daga rufi. An kankare hayaƙin bangon tas, sannan aka sayo fenti launin hayaƙi aka shafa, wai don a ji daɗaɗɗen yanayi. Labulena kuwa ko ƙyalle. Ga ƙananan tebura masu zagaye, kowanne na mutum biyu, da dogayen kujerun da tsoho ba ya hawa sai an tallafe shi. Na dubi na kusa da ni sai na ga tabon ƙunar da tabar likita ta taɓa yi. Teburinmu ne aka yayyanka.

A bangon ƙarshe kuma ga hoton Hinnerk, ya fi ƙofa girma, taba a hannu, yana dariya har da haƙora. A ƙasa an rubuta cewa da shawarar Kawu Hinnerk aka tsara wannan zaure.

Shi bai ma kai ga ganin hoton ba. Sabo turken wawa: hannunsa ya tafi da kansa ya ƙwanƙwasa teburin da ke gabansa. Wasu samari biyu da ke kai suka ɗago daga wayoyinsu.

"Baba, akwai mutane a nan. Sai an kama wuri ta waya."

Na ga kunnuwan Hinnerk sun yi ja. Ya mayar da hannun aljihu. Daidai nan Malte ya fito da fara'arsa, ya shafa wa idonsa toka ya ce, "Kawu! Ka gani? Teburin yana nan, ko tsinke ban jefar ba."

Na ce, "Malte, ka ji kunya. Tir!"

"Inna Gesche, zamani ne. Zauren Baba ba ya riƙe kansa, ku ma kun sani."

Wataƙila gaskiyarsa. Shagonsa ne, ba mu muka haifa masa shi ba. Da ya zo ya ce ku yi haƙuri, abin ya ƙare, da mun yi fushi mun huce, mun ɗauke teburinmu zuwa wani wurin. Abin da ba zan yafe ba shi ne wanda kafintan ya faɗa min daga baya ba tare da ya san nauyinsa ba: tun cikin hunturu ya zo ya auna katakon don yanka, kafin a tara mu a tambaye mu komai. Malte ya san ba za mu saki teburin don maganarsa ba, shi ya sa ya ari bakin mutumin da bai taɓa yi mana ƙarya ba.

Folkert ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya juyo. "To direba, ashe kana magana. Ba da mu ba ne kawai."

Hinnerk ya juya ya fita.

Yanzu a rumfar lambun likita ake taruwa, a kan wani tsohon ƙyaure da aka ɗora bisa ganguna. Ba wanda ya kira Hinnerk. Na yi faɗa da su har muryata ta dushe, na kawo musu zancen kafinta, na ce shi ma sakiyar da ba ruwa aka yi masa, har ma ta fi tamu. Folkert ya girgiza kai.

"Gesche, je ki sake kallon hoton nan. Shekara nawa muna tare, kin taɓa ganin haƙoransa? Wanda aka yaudara ba ya irin wannan dariyar."

Na same shi a kan benci a bakin kogin Weser, ya ɗaga wuyan kwat saboda iska, tabar sai mutuwa take yi yana sake kunnawa. Na zauna a hagunsa. Shi ya fara magana.

"Sun ce dariya nake a hoton."

"Dariya kake, Hinnerk."

"Ranar taron ne, bayan kun watse. Ya ce in tsaya, ga wani abokinsa mai ɗaukar hoto. Na kasa sakin fuska, kin san ni." Ya juya tabar a yatsunsa. "Sai ya rungume ni ya ce, Kawu, muddin kana raye kujerarka na nan a kan teburin nan, kusa da su Folkert. Shi ne na yi dariyar."

Na ce ya tashi mu je ya faɗa musu haka da bakinsa.

Ya ce, "Na riga na yi musu magana sau ɗaya, Gesche. Kin ga abin da ta jawo."