Yarinyar da ke bakin ƙofa

Babana mai zanen gine-gine ne. A shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha kowa gini yake so, shi kuma yana aiki a wani ƙaramin ofis da ke bayan kasuwa. Idan an tashe mu daga makaranta can nake wucewa, in zauna a benci har ya gama mu koma gida Kachalla Sembe tare. Ba na magana da kowa. Kallo kawai nake yi.

Na san yadda yake fere fensir da reza, ya hure ƙurar, ya goge yatsunsa a wando kafin ya taɓa takardar nan mai shara-shara. Duk gidan da ya zana, sai ya tsayar da ɗan mutum a bakin ƙofa don magina su gane tsawonta. Sauran masu zane namiji suke yi. Baba yarinya yake zanawa, ɗankwalinta ya zame gefe guda, kamar yadda nawa yake zamewa. Bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Amma da na shiga sakandare sai na ga an rataya mata jaka.

Ni na fara lura da hannunsa. Cokali ya soma ƙara a kofin shayi ba tare da yana juyawa ba. Reza ta koma kankare tawada fiye da fere fensir. Wata rana takardar ta huje. Ya dafe wurin da tafin hannu, ya dube ni, na sunkuyar da kai.

A lokacin ne aka kawo kwamfuta ofis, ana lulluɓe ta da zanin gado idan an tashi. Wata matashiya 'yar ƙabilar Mumuye, da nake kira Anti, ita ke aiki da ita. Baba ko kallon wajen ba ya yi.

Sai wani mai gida ya dawo da zanen Baba, ya ce bangon rawa yake yi. Ogan ofis ya yi ƙasa da murya, amma na ji.

“Malam, ko ka koyi wannan na'ura, ko ka tafi Mutum Biyu ka tsaya mana a kan gini.”

Mutum Biyu ba wurin zuwa a dawo kullum ba ne. Sai dai mu riƙa ganinsa ƙarshen wata. A hanyar gida ya saya min rake, amma na kasa sha.

Washegari Anti ta jawo kujera.

“Baba, zo ka zauna. Ba ya cizo.”

“Ke 'yar nan, kin ga na yi kama da mai buga tafireta?”

Duk da haka ya zauna. Ya ɗora hannu a kan abin nan da suke kira maus, sai 'yar kibiyar da ke kan gilashi ta hau karkarwa a gaban kowa. Ya janye hannun ya cusa a aljihu.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Baba, ba sai ka riƙe ba. Anti lamba take bugawa, layin ya fito da kansa.”

Anti ta tafa hannu tana dariya. “Ashe wannan tana magana!”

Ta nuna masa. Da yatsa ɗaya ya buga tsawon bango, layi ya miƙe sak. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Ya sha wuya kafin ya iya. Ya ci gaba da fara kowane gida da fensir a bayan tsohuwar takarda, yana karkata kai yana neman inda rana za ta bugi ɗaki, sannan ya matsa gaban na'ura. Ranar da zanensa na farko ya fito daga injin bugawa, Anti ta sa masa mutum a bakin ƙofa, irin wanda ke cikin kwamfutar, da kwat da jakar hannu.

“Wane ne wannan baƙo a ƙofar mutane?”

“Shi muke sa wa kowa, Baba.”

“Cire shi. Ba ɗan gidan ba ne.”

Aka sake bugawa, ƙofa ba kowa. Ya ɗauko alƙalamin tawada, ya kai shi kusa da takarda, bakin alƙalamin na rawa. Ya daɗe a haka. Sai ya kira ni da sunan da kakata Bafulatana take kirana.

“Ɓingel, zo riƙe min nan.”

Na kama wuyan hannunsa da hannu biyu. Da ɗumi, kuma ina jin karkarwar har cikin yatsuna. A haka ya zana ta. Ɗankwalin ya fi kullum karkacewa, jakar ta yi kama da tulu.

Oga ya zo ya bi bangon da ido, ya tsaya a kan yarinyar, ya ɗago ya dube ni, sannan ya sa hannu. Ba a sake maganar Mutum Biyu ba. Daga ranar, idan zane ya fito, Baba ba ya ko waiwayowa. Hannu kawai yake miƙowa wajen benci, in ajiye jakata in taso.