Firinta da Injiniyan Kurfi

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a Dutsin-Ma, kuma duk ƙarshen zango ni ke haɗa tambayoyin jarrabawa. Da can shagon buga takardu nake kai su, har ranar da na iske wata ɗaliba ta san tambaya ta bakwai tun ban raba takarda ba. Shi ya sa na sayi firinta tawa ta kaina, irin wadda ba ta da igiya: ki danna a kwamfuta, ta furzo takarda daga can lungun ɗaki.

Intanet ɗin gidanmu daga wani ɗan akwati yake fitowa, girmansa bai wuce sabulun wanka ba. Maifai ake ce mashi. Maigidana ya kawo shi, shi ke yi mashi caji, ni ban taɓa damuwa da inda yake kwana ba. Wayata da datarta, kwamfutar kuwa rubutu kawai nake yi da ita. An dai ce mani ta cikinsa kwamfuta ke magana da firinta.

Da safe sai ta yi aiki lafiya lau. Da la'asar, lokacin da na dawo na zauna zan yi aikin gaske, sai 'yar fitilarta ta kama ƙyafta mani ido kamar marar kunya. Na kashe, na kunna. Na sake sa kalmar sirri har na haddace ta fiye da lambar wayata. Na zare ta daga wuta, na ƙirga talatin, na mayar. Ko gezau.

Sai maigidana ya ce zai kira Injiniya. Wannan Injiniya abokinsa ne daga Kurfi. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi sunan. Abin da na sani, ya taɓa sayar da cajar waya ranar kasuwa. Ya iso bisa babur, da jaka a rataye da tabarau saman goshi, daidai lokacin da ake kwashe tuwo.

Sai da ya share malmala biyu sannan ya nemi ganin marar lafiya. Maigidana na tsaye bayansa, hannuwa a goye. Injiniya ya danna sau ɗaya, takarda ta fito.

"Malama, ai lafiyarta lau," ya ce, yana murmushin nan da ake yi wa yaro. "Kin san waɗannan na'urori ba su son yawan taɓe-taɓe."

Maigidana ya gyaɗa kai kamar an karanto hadisi. Ya tafi raka shi, daga nan ya zarce majalisa. Na zauna, na danna. Fitila ta kama ƙyaftawa.

Zuwa na biyu, Injiniya ya ce katangar ɗakina ce ta yi kauri, aka fito da firinta falo. Ya ci dambu. Zuwa na uku ya ce kwanon rufinmu ne ke shanye sigina, wai haka ya gani a wani gida a Shema. Ya goge mani wani abu a kwamfuta, ya sake sa shi, ya ɓata mani jerin sunayen ɗalibai a tsakani, ya sha fura. Kullum in yana nan tana aiki, kullum in ya tafi ta mutu, shi kuwa wannan bai taɓa sa shi tunani ba. Mutumin da ke da amsa tun ba a gama tambaya ba, ina zai samu lokacin tunani? A wurinsa matsalar a fili take: mace ce ke danna abin.

Zuwa na huɗu saura kwana biyu jarrabawa. Shi da maigidana suna miƙewa za su fita, na tura shafi goma. Uku suka fito. Ina jin an buɗe ƙofar zaure, ta tsaya cak da rabin takarda a baki. Ina zaune ina hararar ta sai ga maigidana ya dawo ɗaukar makullin babur da Injiniya ya manta. Yana shigowa fitila ta daina ƙyaftawa.

"Malam," na ce, "ɗan fita zaure."

"Lafiya?"

"Fita dai."

Ya fita, ta kama ƙyaftawa. Na ce ya dawo, ya dawo, ta nutsu.

"Mi ke cikin aljihunka?"

Ya laluba, ya fiddo goro, ya fiddo carbi, sannan ya fiddo maifai. Ashe kullum da shi yake fita, 'yan majalisa su kewaye shi suna kallon ƙwallo kyauta. Sati uku ina zargin kaina, ashe intanet ɗin gidan ne ke tafiya hira.

Injiniya ya leƙo jin shiru. Da ya fahimci abin da ya faru, ko kunya babu, ya sauke tabarau kan hanci.

"Ai dama na faɗa, matsalar sigina ce."

"Ka faɗa, Injiniya," na ce. "Ka faɗi katanga, ka faɗi kwano. Aljihu ne kawai ba ka kai ba."

Maigidana ya yi gyaran murya, ya ce a bar maganar. Na karɓi maifai na ɗora bisa kabad, na buga tambayoyina tas kafin magariba. Ya yi kwana biyu yana cin magani, don 'yan majalisa sun ragu da rabi.

Bayan wata guda wata abokiyar aikina 'yar Wurma ta ja ni gefe a ofishin malamai. Ta ce tata firintar na ba ta wahala, amma an yi mata kwatancen wani ƙwararre a Kurfi. Wai har gidan wata malama a Dutsin-Ma ya je sau huɗu, don matar ba ta gane komi, sai da ya gano mata matsalar.

Na ce ta kira shi, amma ta tabbatar ta gama cin abinci tukuna.