Hoto Ɗaya, Masu Gida Biyu

Ni magini ne, ɗan magini. A Tanut na tashi. Kafin in lalace, duk mai tafiya ci-rani Aljeriya ni yake bar wa gyaran gidansa, don an san ba na cin amana. Har yau na kasa gane ranar da na daina zama wannan mutumin.

Da buhun siminti ɗaya aka fara. Ya rage a aikin wani, na ajiye masa, bai tambaya ba, na sayar. Ba abin da ya same ni. Daga nan na koyi ƙara rairayi in rage siminti.

Sai wani Sanusi, mai aiki a Tamanraset ta Aljeriya, ya kira ni. Ɗakin mahaifiyarsa a Ollelewa ya tsage, azara ta ruɓe, yana so a gyara kafin damina. Shi zai riƙa aiko kuɗi, ni in riƙa aika hoto. Wani ɗan Tarka da ke can shi ma ya ba ni irin wannan aiki. Ban yi ko ɗaya ba. Akwai wani gida da na gina a Belbeji, shi nake ɗauka ta gaba da ta baya ina tura musu.

Kwana ya tafi, ƙarya ta rikice mini. Na manta wanda na ce wa an yi rufi da wanda na ce wa saura yaɓe. Wani lokaci in ina magana a waya, ni kaina sai in ji kamar da gaske aikin na tafiya.

Sau ɗaya na je Ollelewa. Na zube ƴan tubala a ƙofar gida, tsohuwar ta dama mini fura. Daga baya na ji duk sanda ɗanta ya tambaye ta, cewa take magini na zuwa, don kada hankalinsa ya tashi a ƙasar mutane. Ban roƙe ta ba.

Ashe Sanusi da ɗan Tarkan nan ɗaki ɗaya suke haya. Sanusi ya nuna masa hoton ɗakin uwarsa, shi kuma ya fito da irinsa sak. Kafin su yi wani abu aka yi ruwa mai ƙarfi, bango ya faɗo, ya karya wa mahaifiyar Sanusi ƙafa.

Jandarmomi suka ɗauke ni. Alƙali ya tambaye ni inda kuɗin suka tafi. Ban sayi fili ba, ban ƙara aure ba. Shayi, tsire, sabuwar shadda, ban san sauran ba. Shekara biyu na yi a gidan kaso.

Da na fito, na tafi neman gafararta. Na tarar da ita tana dogara sanda. Ta dube ni, ta ce:

"Na yafe maka, ɗana. Amma ni ma na yi wa Sanusi ƙarya saboda kai, har yau in na yi magana sai ya tambayi wani ko gaskiya ne."



Yanzu kwaɓa ƙasa nake yi wa wasu magina, ina neman gafarar Allah. Ku da kuke nesa, kada hoto ya ishe ku. Ku sa naku ya je ya taɓa bangon da hannunsa. Ku kuma samari masu koyon sana'a, ku ji tsoron Allah. Ɗakin da kuka ƙi gyarawa, akwai uwar wani a ciki.