Malam Mordecai da Ƙusar da Ba Ta Yi Sata Ba

Ranar Talata, 14 ga Afrilu, 2009, ba a gama murnar Ista ba, labari ya iske ni a Samaru cewa Malam Mordecai, wanda ya koya mana kimiyya a firamare, ya rasu a gidansa da ke Muchia bayan gajeriyar jinya. Na daɗe tsaye a bakin titi, na rasa wanda zan fara faɗa wa.

Malam, ajinka bai taɓa zama mai tsafta ba, hedimasta kuma bai gaji da yi maka ƙorafi ba. Gwangwanayen madara jere a waje muna auna ruwan sama, tsumma a kan sanda yana nuna mana inda iska ta dosa, ga kwalbar da kake juyawa har guguwa ta tashi cikin ruwa mu yi ta ihu. Idan hadari ya haɗo muka yunƙura za mu ruga tsintar mangwaron da iska ta kaɗo, sai ka tare ƙofa da bulalar nan da ba ka taɓa dukan kowa da ita ba.

Ni da farko ban shiga ihun ba. Daminar da ta gabaci shigata ajinka, tsawa ta faɗa wa mahaifina a gonarsa ta Dogarawa, yana fake a gindin giginya. Ba a tashi daga zaman makoki ba aka fara raɗa, wai kwarankwatsa ba ta faɗa wa mutum haka kawai, sai wanda ya ɗauki abin wani aka rantse a kansa. Mata suka rage sayen ƙosan mahaifiyata. A makaranta aka laƙaba mini 'yar ɓarawo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma na fara yarda.

Ban san wanda ya faɗa maka ba. Wata rana da bazara ka sa aka rufe tagogi, ka kafa ƙusoshi cikin yumɓu, gajeru da doguwa ɗaya. Ka goge farantin roba da tsohuwar rigar sanyi, ka ɗora murfin tukunya mai mariƙin roba, ka taɓa shi da yatsa, sannan ka ɗaga shi ka sauko da shi a hankali bisa ƙusoshin. Tartsatsi ya yi ƙyas a kan doguwar. Ka canza mata wuri, ita dai ya sake bi.

"To, 'yan aji biyar," in ji ka, "wa zai faɗa mini abin da ƙusar nan ta sata?"

Aji ya fashe da dariya. Ni kuka na yi, kai kuma ko duban inda nake ba ka yi ba, don kada yara su gane.

Ran Asabar sai ga ka bisa kekenka a ƙofar gidanmu, kayan a cikin kwali. Ka maimaita aikin a gaban mahaifiyata da maƙwabta. Mahaifiyata ta ce, "Malam, ke nan baban Rhoda bai ci haƙƙin kowa ba?"

Ka ce, "Mama, tsawa abin da ya fi tsayi take bi; da fasto ne a gindin giginyar nan ranar, shi za ta samu."

Ba kowa ne ya daina raɗa ba, mutane sai haƙuri. Amma a gidanmu mun daina sunkuyar da kai, ni kuma na soma kwana ko ana tsawa.

Ubangiji ya ji ƙanka, Malam, ya ba ka hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da matarka Mama Elizabeth da 'ya'yanka, Martin da Diana, ya ba ɗalibanka na Sabon Gari haƙuri, cikin sunan Yesu Almasihu, amin. Akwai lokacin da in an tambaye ni 'yar wa ce, sunan kawuna nake faɗa. Kai ka mayar mini da na ubana, da shi kuma nake sa hannu a yau.

Rhoda Dominic, Samaru